Sifirin da ya ruɓar da albasa

Tunda kana ɗokin ƙara sabuwar alama a harshen da kuke rubuta manhaja da shi, zauna in ba ka misali.

An yi wata mata, gwana ce ta gaske, ita ke kula da wani harshen rubuta manhaja. Masu aiki da shi suka ishe ta da ƙorafi, wai duk inda aka bar gurbi fanko sai sun rubuta layi uku kafin su ce in babu komai a nan, a sa kaza. Ta zauna ta ƙirƙiro musu 'yar alama guda da za ta ɗauke aikin layukan uku. Aka yi ta sa mata albarka. Cikin masu murna har da wanda ya rubuta wa manoman rani manhajar da ke buɗe musu ruwa daga madatsa. Ya share layukansa ya dasa alamar, cewa in manomi bai faɗi awa nawa yake so ba, a ba shi shida.

Akwai wani dattijo da albasarsa ta ƙosa, ganye ya kwanta, saura mako a haƙe. Ruwa a wannan gaɓa guba ne. Ya sa sifiri a wayarsa, ya tafi ta'aziyya kwana biyar. Ita kuwa alamar ba ta san bambancin sifiri da fanko ba, kowace safiya sai ta sakar masa ruwan awa shida.

Da labari ya kai wa matar, ta taka har gonar. Tun daga bakin kwalbati wari ya tare ta. Ta tsugunna ta ciro albasa ɗaya, ta narke mata a hannu. Ta ɗaga kai, sai ga kadada bayan kadada kwance cikin taɓo, gonaki goma sha ɗaya, duk na waɗanda suka sa sifiri. Dattijon na tsaye, ko murya bai ɗaga ba.

Ya ce, "'Yata, ai ban yi shiru ba. Cewa na yi kar a ba ni."

A ranar ta gyara alamar, amma albasar bana ta riga ta tafi.

Da ma Hausawa sun ce, kama da wane ba wane ba ne.