Rijiyar da Bature Ya Zana

Ramuka sun yi yawa a hannun daman dutsen ƙauye, Gide bai daina haƙa ba. Kullum da asuba sai ya zagayo dutsen daga gidansa da ke hagu, da diga a kafaɗa, kuma ban da busasshiyar marmara babu abin da yake tonowa.

Tun da famfon ƙauyensu na bayan Pauwa ya ƙafe, 'yan bindiga kuma suka tare hanyar rafi, gidaje sai watsewa suke. Gide ya rantse ba zai bar kushewar iyayensa ba, don yana da abin dogaro: wani tsohon zane da ya gada.

Kakansa ya taɓa yi wa wani Bature dakon kaya. Baturen ya zauna a bakin hanya ya karce hoton garin da allura a kan faifan tagulla. Da ya koma Ingila ya danna faifan a takarda kamar hatimi, ya aiko da guda. Ga dutsen nan, ga mata suna jan guga, ga rijiya a damansa, wadda ƙasa ta binne tun kafin a haifi uban Gide.

An daɗe ana dariyar zanen nan. Mai miƙa ƙwarya da hagu yake miƙawa, mai cin tuwo ma da hagu. "Wanga Bature ya raina mu," in ji tsofaffi, "ya maishe mu duk bahagwai."

Yanzu dariya ta ƙare. Tafukan Gide sun tsattsage, awakinsa sun mutu, 'yarsa Aminatu ta kwanta da gudawa saboda ruwan tsohon kududdufi. Matarsa Kulu, wadda ta yi shekaru tana mitar ɗakinta mai danshi, da bangon da yake zubewa ko da rani, ta gaji har da mitar. Ta zo bakin rami da yarinyar a goye, ta leƙa.

"Malam, ka fito. Takarda ba ta shayar da ɗiya. In yarinyar ga ta mutu, mi za ka ce ma Allah?"

Gide ya zauna a ƙasan ramin ya yi kuka kamar yaro. Bai taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba.

Washegari ya kwance kwanon rufi da ƙyaure, aka ɗaure su a kan motar Ƙanƙara. Direba ya ja kunnen kowa: wanda ya manta abu ya haƙura, wannan hanya ba a tsayawa, ba a juyowa. Gide ya shiga baya da iyalinsa, ya jingina zanen a ƙirjinsa, hoton yana kallon gaba, don ko ganinsa ba ya son yi.

Sun yi nisa cikin daji ya ɗaga ido, sai ga zanen a madubin direba, ya juye ya koma yadda Baturen ya ga garin. Mai ƙwarya da dama yake miƙawa, mai tuwo da dama yake ci, rijiya kuwa tana hagun dutse, daidai ƙarƙashin ɗakin Kulu.