Ranar da Kwamiti Ya Sallame Ta

Sau ɗaya 'yar tela ta taɓa shan kaye a gardama, ranar da saurayinta Dogo ya rantse kanta ya fi nasa ja, don haka ita za ta riƙa rubuta masa aikin aji. Sakarya, har da murmushi!

Yau ga su a barandar jami'a. An yi mata gargaɗi sau biyu, makinta bai tashi ba, kwamiti ya sallame ta. Gogan kuwa ya haye.

Ya ƙi ɗaga ido, sai murza makullin babur yake.

"Kin san halin Mama. Ba za ta yarda in auri korarriya ba."

Ta ƙura masa ido.

"Ka gaishe ta. Ka ce digirin ɗanta ma yau aka kore shi."