Naman Ƙwauri Ranar Alhamis

Da ƙarfe huɗu da kwata na yammacin Alhamis ya shigo da leda biyu, ya wuce kicin bai ko cire takalmi ba. A lokacin matarsa tana ɗaki, tana jera zannuwanta a akwati.

Shekara goma sha ɗaya da aurensu, wata bakwai rabonsa da cin abinci tare da su. Shi ne mai kula da ɗakin sanyi na wani kamfanin sayar da nama. Abokan aikinsa Sikeli suke ce masa, domin ko gaisuwa sai ya auna kafin ya bayar. Ba ya duka, ba ya zagi, kallonta kawai yake yi kamar kayan da aka kawo bisa kuskure. Ta riga ta yanke shawara: ranar Asabar za ta kwashi 'ya'yanta mata biyu da mahaifiyarta, wadda take zaune da su tun bayan jinyarta, su koma gidan yayanta.

Ƙarar wuƙa ce ta fito da ita.

"Yau ni zan dafa," in ji shi, bai ɗago ba. "Ki huta."

Naman ƙwauri ne, mai jijiya, irin wanda masu hali suke turewa gefe. Ya buɗe tagogin kicin duka biyun. Ya wanke naman sau uku, na ukun da gishiri da lemun tsami. Ya yanke gefe-gefensa da kauri, ya zuba abin da ya yanke a leda, ya ƙulla sau biyu, ya kai bola da kansa. Sannan ya soya albasa da tafarnuwa, ya juye tumatir goma sha biyu da na gwangwani ɗaya, ya ƙara citta da barkono fiye da yadda ita take sawa. Ya rage wuta, ya rufe tukunya, ya dubi agogo.

Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon bayansa. Ta san makon bai yi masa daɗi ba: injin wurin aikinsu ya tsaya tun Litinin, kwana uku yana dawowa fuska a murtuke. Wahala takan tausasa mutum, ta ce a ranta, kamar yadda wuta take tausasa jijiya. Ta koma ɗaki, amma ba ta ƙara ko zane ɗaya a akwatin ba.

Awa uku cif naman ya yi a wuta. Ƙamshi ya cika gidan har maƙwabta.

Shi ya raba da hannunsa. Ya fara da surukarsa.

"Inna, ke ce babba. Yanka huɗu."

"Ni da haƙora uku?" Tsohuwar ta ɗanɗana, ta lumshe ido. "Kai, wannan ko mai dasashi ya samu. Ashe kana da hannu kake ɓoye mana, ɗan nan."

Babbar 'yar ta dubi farantinsa, burodi ne kawai da shayi a gefe. "Baba, kai fa?"

"Mai girki ƙamshi ke ƙosar da shi."

Auta, mai shekara huɗu, ta ture naman ta ce shinkafa kawai take so. Uwar ta buɗe baki za ta lallashe ta, sai ya riga ta. Ya ɗauki yarinyar ya ɗora a cinya, shi da bai taɓa ɗaukarta ba tun tana zanen goyo. Ya yayyaga naman ƙanana, yana ba ta a baki, loma bayan loma, har farantin ya zama fes. Matar ta sunkuyar da kai don kada a ga idonta. Da ya ƙara mata yanka biyu bai tambaye ta ba, ta cinye, har da romon.

Ya ciro ƙaramin littafin da ba ya rabuwa da aljihunsa, ya dubi agogo, ya yi rubutu.

"Me kake rubutawa?"

"Abin da bai kamata a manta ba."

Washegari shi ya riga kowa tashi. Ya ƙwanƙwasa ƙofar Inna, ya tambayi kwananta, ya tambayi cikinta. Ya dafa goshin yaran ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya tsaya gaban matarsa, ya dube ta tun daga sama har ƙasa, kallo mai tsawo irin wanda ta shekara tana jira.

"Lafiya kika tashi? Babu inda ke damunki?"

"Lafiya lau," ta ce.

Ya yi murmushi, ya ƙara rubutu a littafin, ya shiga wanka.

Ta juye akwatin a kan gado, ta mayar da kowane zane mazauninsa. Ta leƙa ta gaya wa Inna cewa tafiyar Asabar ta fasu. Tsohuwar ta ce dama mai haƙuri shi ke dafa dutse.

Rigarsa tana rataye a bayan ƙofa. Ta yi niyyar ranar Lahadi ta dafa masa irin miyar, daidai yadda ya yi ta, don wannan karon ya ci. Ta zaro littafin ta duba awon tumatir da citta. Shafin ƙarshe, da rubutunsa mai tsabta, yana cewa:

"Kwali na goma sha huɗu, cikin waɗanda suka kwana uku babu sanyi. An gwada a kan mutum huɗu: tsohuwa ɗaya, mace ɗaya, yara biyu. Awa goma sha ɗaya, babu amai, babu gudawa. A fitar da sauran kasuwa."