Juma'a Ma Ranar Ubangiji Ce

Wani mutumin Kagoro ne mai suna Gwamna, yana gyaran na'urar sanyaya ɗaki a wata masana'anta da ke Dubai Investments Park. Burinsa ɗaya: ya cika shekara a aikin, ya samo wa matarsa Fortune biza ta biyo shi.

A Dubai ta wancan lokacin Juma'a ce ranar hutu, Lahadi kuwa da ita ake buɗe makon aiki. Don haka Kiristoci ranar Juma'a suke sujada, kuma babu wanda abin ya dama. Gwamna ma haka yake yi, har a ƙungiyar mawaƙan coci yake, duk da muryar tasa sai a hankali.

Ana nan sai ya fara sauraron wani mai wa'azi na gida a waya, wanda ya naɗa wa kansa sunan annabi. Mutumin ya ce duk Kiristan da ya yi sujada ranar Juma'a ya sayar da bangaskiyarsa, wanda ya yi aiki ranar Lahadi kuma wuta ce makomarsa. Maganar ta shiga Gwamna sosai. Ya daina zuwa coci, ya daina cin abinci kwano ɗaya da Idris, Musulmin da suke zama ɗaki guda a unguwar Hor Al Anz. Lahadi ta zo, ya kulle ƙofa ya ƙi fita aiki.

Idris ya ce, "Habibi, abokina, nan ba Kaduna ba ce fa. Bizarka a hannun kamfani take."

"Ka bar ni da Allahna," in ji Gwamna.

A wurin aiki an ja masa kunne, an sake ja, daga nan aka ce khalas, wato shi ke nan. Aka kore shi, aka soke bizarsa. Ya kira annabin nasa. Amsar da ya samu ita ce, "Bangaskiyarka ce ta yi kaɗan." Aka kashe waya. Da ya faɗa wa Fortune zuwanta ya fasu, kuka kawai ta yi, shi ma ya zauna a ƙasa ya yi nasa.

Idris ɗin da aka ƙi cin abinci da shi ne ya nemo Mama Saratu, dattijuwar ma'aikaciyar jinya da ke cocin su Gwamna. Ta zo ta same shi ya rame.

"Ɗana, wa ya halicci Juma'a?"

"Allah ne, Mama."

"To yaushe ya ce maka ranar ba ya jin addu'a? Tashi ka wanke fuska."

Ba ta yi masa gori ba, 'yan'uwa a ikilisiya ma haka. Kafin wa'adin barinsa ƙasar ya cika, ɗaya daga cikinsu ya samo masa aikin ɗaure kaya a kasuwar Murshid Bazaar. Aikin wahala ne, bai kai na da ba, kuma Fortune sai ta ƙara jira. Amma ya tsaya da ƙafarsa, ya nemi gafarar Idris, ya koma cikin jama'a.

Jama'a, mu yi hattara da duk mai wa'azin da zai raba mu da 'yan'uwa da maƙwabta da sunan tsarki. Ranar da ka faɗi, ba shi zai zo ya ɗaga ka ba, waɗanda ya sa ka guje su ne za su zo.