Ƙusar da Baba Ya Hana Ni Bugawa

Kowa cewa yake tsoron mai gida ne ya hana Baba rataya komai a bango. Ba haka ba ne, ina wurin.

Ina shekara tara, a gidanmu na haya kusa da titin Fordham Road, nan ƙasar waje, na ɗauko ƙusa da guduma zan rataya takardar yabon da aka ba ni a makaranta. Baba ya riƙe min hannu. Ya zaro takardar haya daga ƙarƙashin katifa, ya ɗora yatsa kan kalmar da Turawa ke kira lis.

"Ke mai Turanci, kin san asalinta?"

"Baba, ni dai ka sake ni."

"Daga Faransanci take, irin wanda muka koya a Maraɗi. Ma'anarta a bari. Bar mana aka yi, uwata, ba ba mu aka yi ba. Ki adana takardar yabonki, a bangonmu na gida za ki rataya."

Shekara goma sha shida ke nan. Ba mu koma ba, takardar yabon tana akwati, bangon yana nan fayau. Na gaji da zaman jiran tafiya.

Gobe zan sayo ƙusa. Hoton Baba zan fara ratayawa, shi kuma Baba yana zaune yana kallo.