Jar Waya

Hayatu ya zare jar wayar daga mazauninta, ya ɗaure ta a jikin ƙarfen makunnin da ke haɗe da soket. Duk wanda ya taɓa shi ba takalmi, sai dai wani ba shi ba.

Alhaji Buba yake yi wa wannan tanadi. Shi ne malamin awon da ya rubuta gonar su Hayatu ta Maradun "daji, ba mai shi", ruwan dam ɗin Bakolori ya shanye ta. Tun daga ranar, mahaifin Hayatu, Malam Kyauta, yake raɓe a zauren mutane a Talata Mafara. Yau ga Alhaji da sabon gida, har da injin wuta, ya ɗauko Hayatu ya haɗa wa wani sabon ɗaki lantarki.

"Gwada mu gani," in ji Alhaji.

Hayatu ya gyara tsayuwa cikin takalminsa na roba, ya danna makunnin, ƙwan fitila ya kama. Ya kashe.

"Madalla. Ka yi aiki kamar naka."

Aka kira Azahar. Hayatu ya kwashe kayansa yana murmushi. Ya san Alhaji sarai: daga alwala sai ɗaki, hannu a jiƙe, ƙafa ba takalmi.

Har ya hau kekensa, Alhaji ya biyo shi ƙofar gida, ya rage murya.

"Na san ɗan wanda kake. Na zalunce ku, abin ya hana ni sukuni. Ɗakin nan mahaifinka na gina wa. Yana ciki, ya gama alwala, na ce ya shiga ya kunna da hannunsa, ya sa albarka."

Hayatu ya yar da keken.

"Baba!"

Kafin ya wuce zaure, ta taga ya hangi ƙwan ya kama.