Ɗakin Iliyasu, Masaukin Gubuci

A ƙarshen daminar 1964 aka miƙa wa Iliyasu mabuɗin ɗaki a saman bene, a gidan kwanan ɗalibai na jami'a a Zariya. Shi ne mutumin Gubuci na farko da ya kai nan. Ɗakin na mutum biyu ne: gadajen ƙarfe, teburan karatu, fitilar lantarki da taga mai gilashi. Abokin zamansa Barnaba ne, ɗan kudancin lardi, mai karatun lissafi.

Iliyasu aikin gona yake karantawa. Da la'asar yakan jingina da taga ya zuba wa gabas ido. Babu abin gani sai bishiyoyi da shanun Fulani, amma shi fadamar rake yake gani, ta miƙe tun daga Gubuci har Gazara, ruwa yana bin kunyoyi a hankali, ga shi a tsakiya cikin farar taguwa yana nuna wa manoma sabon iri. Wani lokaci har ƙamshin mazarƙwaila a kan wuta yakan ji.

"Iliya, dawo daga gona haka nan," in ji Barnaba. "An buga ƙararrawar abinci."

Bayan kaka, kawunsa Ɗan'azumi ya kawo mazarƙwaila kasuwa. Motar komawa ta tashi ta bar shi, sai ya yi tambaya har ya iso jami'a. Ya dudduba ɗakin, ya danna katifa da hannu, ya zauna.

"Kawu, doka ta hana baƙo kwana a nan," in ji Iliyasu, murya ƙasa-ƙasa.

"Dokar wa? Ba an ce Turawa sun tafi ba? Ɗakin gwamnati ne, gwamnati kuwa yanzu tamu ce. Ko kunyarmu kake ji, ɗan boko?"

Iliyasu ya sunkuyar da kai. Ya bar masa gado, ya shimfiɗa tabarma.

Labari ya kai gida cewa Gubuci ta yi masauki a Zariya, mai wuta ba kananzir. A garinsu wanda ya kori baƙo ba shi ake zagi ba, uwarsa ake zagi, kuma Iliyasu ya san haka. Aka fara zuwa: mai shari'a a kotu, mai neman sayen keke, surukin wani daga Paki, abokin wani daga Kudan. Yakan shigo da su ta ƙofar baya, ya rage abincinsa ya kawo musu a kwano. A gida mata suna ta yi wa mahaifiyarsa Indo barka da haihuwar ɗa mai zumunci. Littattafansa kuwa sun koma ƙarƙashin gado, saboda a kan tebur ake ajiye buhuna.

Da zafi ya shigo, Ɗan'azumi ya dawo riƙe da wani dattijo, Malam Tukur, wanda tari ya ramar. An ce su jira gado a asibiti. Kawu ya sa aka rufe taga, wai iska ce take tayar da tarin, sannan ya koma gida ya bar shi.

Barnaba ya ja Iliyasu waje.

"Wannan ba tarin mura ba ne. Na ga jini a ƙyallensa."

"Ni ma na gani."

"To?"

"A gonarsa na koyi riƙe fartanya. Da wane baki zan ce ya fita?"

Barnaba ya jure wasu kwanaki, daga baya ya ɗauki bargonsa ya koma ɗakin wani ɗalibi. Malam Tukur ya yi makonni a ɗakin kafin a ba shi gado. A asibitin ya rasu.

Gab da jarrabawa Iliyasu ya fara ramewa. Zazzaɓi yakan zo masa da yamma, mai laushi, kamar barci. A aji sai ya ga allo ya zama kore, rubutun malami yana kaɗawa kamar ganyen rake, muryoyi suna zuwa daga nesa. Wata safiya ya yi tari a kan littafinsa, ya ga ja.

Likita ya ce tarin fuka ne. Aka binciki yadda ciwon ya shigo gidan kwana, aka gano. An karɓe mabuɗin, an cire sunansa daga jami'a. Bai zauna jarrabawa ba. An gwada Barnaba, shi ma aka same shi da ciwon, ya yi asarar shekara guda.

A bayan motar kaya aka mayar da Iliyasu Gubuci bayan an sallame shi daga asibiti. Indo ta shimfiɗa masa tabarma a zaure. Ɗan'azumi ya zo dubiya, ya tsuguna can bakin ƙofa, bai matso ba. Ya tambayi jiki, ya tambayi kwana, ya yi addu'a mai tsawo.

"Boko dai akwai cin jiki," in ji shi. "To shi ɗakin namu, wa aka ba? Ko wani ne da ka sani? Ina da shiga Zariya jibi."

Iliyasu ya juya fuskarsa bango.

Jama'a, ɗakin ɗalibi wurin karatu ne, ba masaukin gari ba, marar lafiya kuma asibiti ne wurinsa. Wanda ya tilasta wa yaro karya doka da sunan zumunci, shi ya raba shi da karatunsa.